Littafin aiki: ƙwaron mushe marar fiffike na gaɓar arewacin Fasifik

14 ga Mayu, 2025

Akwatunan aro sun iso daga ma'adanar ƙwari, aiki ya tashi daga karatu ya koma kan tebur. Abin da aka ɗora mini shi ne in tantance wasu ƙananan ƙwari 'yan uwan buzuzu da ake kira Lyrosoma, in ware su jinsi-jinsi, in kuma gyara sunayen da ke maƙale a jikin allurarsu. Kayan kashi biyu ne. Akwai tsofaffi da aka busar aka soke da allura, galibinsu daga tsibiran Kuril da ke jere tsakanin arewacin Japan da Kamcatka ta Rasha, wasu tun zamanin da tsibiran ke hannun Japan, wasu daga balaguron haɗin gwiwa da masanan Amurka da Rasha da Japan suka yi tsakanin 1994 da 2000. Kashi na biyu kuwa babu shi tukuna. Ni zan je gaɓar gabashin Hokkaido, babban tsibirin arewacin Japan, in samo shi da hannuna.

Ƙwaron bai kai santimita ɗaya ba. Launinsa daga ruwan ƙasa mai haske zuwa ja mai duhu, ƙafafunsa dogaye, allon wuyansa faffaɗa ne ta gaba sannan ya tsuke ta baya, sai murfin bayan ya sake buɗewa, har jikin ya yi ƙugu irin na kalangu. A kan kowane ɓari na murfin akwai zane tara a tsaye. In ka sa tsinin allura ka ɗaga murfin, ba ka tarar da fiffiken tashi a ƙarƙashi. Duk inda ka gan shi, da ƙafa ya je, ko kuma wani abu ne ya kai shi. Abincinsa abin da teku ta amayar: mataccen tsuntsu, kifi, ruɓaɓɓiyar ciyawar teku. Mazauninsa siririn zirin nan da ke sama da inda ruwa ke kaiwa, tun daga tsibiran Aleut da Pribilof na Alaska, ta tsibiran Kwamanda da Kamcatka da Kuril, har arewacin Japan da Koriya.

Danginsa Agyrtidae ƙarami ne, jinsinsa duka a duniya ba su kai ɗari ba. An daɗe ana cusa su cikin Silphidae, manyan ƙwarin mushe da wasunsu ke binne gawar ɓera, waɗanda akan same su tare a wuri ɗaya. A 1982 Lawrence da Newton suka fitar da su suka ba su dangin kansu, saboda ginin jikinsu ya fi kusa da na wani dangin ƙananan ƙwari da ake kira Leiodidae. Cin tuwo a akushi ɗaya ba ya sa a zama 'yan uwa. Amma har yau rabin akwatunan da ke gabana Silphidae aka rubuta a goshinsu.

23 ga Mayu

Satin nan ban taɓa madubin likita ba, sunaye nake bi.

Jinsin Lyrosoma na farko da aka bayyana shi ne pallidum. Eschscholtz, likitan jirgin ruwan Rasha da ya zaga duniya tare da kyaftinsa Kotzebue, shi ya ba shi suna a shekarun 1820, daga Kamcatka. A 1853 Mannerheim, mutumin Finlan mai nazarin ƙwarin Alaska tun tana mallakin Rasha, ya kafa gidan Lyrosoma ya ƙara opacum. Daga nan ƙofa ta buɗe. George Lewis na Ingila ya raɗa sababbin sunaye a 1893 daga ƙwarin Kuril, ciki har da snowi, don girmama Kyaftin Snow, maharbin karen ruwa da ya san tsibiran kamar yunwar cikinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙaro chujoi daga arewacin Japan da ituropense daga tsibirin Iturup. Sai a 1998 Wolfgang Schawaller na Shtutgat a Jamus ya jera su gefe da gefe ya ce jinsi biyu ne kacal, pallidum da opacum, sauran duk maimaici ne.

Ban ga laifin magabata ba. Mutum yana Landan, an aiko masa da ƙwaro biyu ko uku daga tsibirin da bai taɓa gani ba, ƙwaron ba ya tashi, teku ta kewaye shi. Hankali zai ce masa wannan ya daɗe a ware, lalle ya zama nasa daban. Ya ga ɗaya ya fi haske, ɗaya ya fi ƙiba, sai ya ɗauki alƙalami. Wanda ya zo daga baya da ɗaruruwa a gabansa shi ne zai ga hasken da ƙibar suna hawa suna sauka ko a ƙarƙashin dutse ɗaya.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne 'yan takardun da ke ƙarƙashin kowane ƙwaro, waɗanda ba su fi farcen yatsa ba. Tsibiri ɗaya yana da suna biyu: Etorofu a bakin Japanawa shi ne Iturup a bakin Rashawa, Kunashiri shi ne Kunashir. Wasu an rubuta shekararsu da lissafin Showa, wato shekarun mulkin wani sarkin Japan, sai ka ƙara 1925 kafin ka samu ta Miladiyya, wato Showa 10 ita ce 1935. Wata takardar tawadarta ta koɗe, sai na karkata ta a gefen fitila sannan sawun alƙalamin ya fito. Ƙa'idar ma'adana ita ce ba a cire tsohuwar takarda ko da abin da ke jikinta kuskure ne. Taka za ka ƙara a ƙasa, da sunan da ka ba shi da shekara, wanda zai zo bayanka ya ga duka ya yi hukunci. Ni dai a wurina takardar wuri ta fi ta suna daraja nesa ba kusa ba. Suna kowa na iya gyara shi gobe. In wuri ya ɓace, ƙwaron ya zama kwalliya kawai.

2 ga Yuni

Shiri ya canza. Da niyyata in bi gawarwakin tsuntsayen teku, domin a irin wannan lokaci ne tsuntsun nan Ardenna tenuirostris ke wucewa daga Tasmaniya da kudancin Ostiraliya zuwa tekun Bering, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare a hanya ruwa ya watso su gaɓar Japan. Sai ga murar tsuntsaye ta ɓarke a gabashin Hokkaido a bana. An tsinci matattun tsuntsayen teku da yawa a yankin Nemuro, an kuma samu cutar har a jikin dabbobin teku masu shayarwa. Malamina bai ja magana ba: “Kada ka taɓa ko gashinsu. Ka gani, ka ɗauki hoto daga nesa, ka sanar da hukuma.”

To, sai tarko. Kofin roba a binne bakinsa daidai da ƙasa, kan kifi a rataye a ciki, waya mai raga a sama, dutse a kai. Na kuma duba taswirar gandun Akkeshi da Kiritappu da Konbumori, wanda aka ayyana a 2021, don in kauce wa sassan da ba a ɗaukar komai sai da izini na musamman.

19 ga Yuni

Na dawo daga gaɓa. Ba zan faɗi ainihin wurin ba, gabas dai yake da Kushiro, domin masu tara ƙwari don sha'awa suna da yawa a ƙasar nan kuma zirin da ƙwaron ke zaune bai fi faɗin titi ba.

A watan Yuni rana na fitowa a nan kafin ƙarfe huɗu, asuba kuwa tun wajen ɗaya da rabi ta yi, barci sai dai a yi shi gutsure-gutsure. Ga hazo. Ruwan sanyi na Oyashio ne ke gangarowa daga arewa, iska mai ɗumi ta hau kansa, sai gari ya rufe ruf, kana jin ƙarar teku ba ka ganinta. Da rigar sanyi biyu na yi aikin, a watan da Tokyo ke fama da zufa.

Rairayi mai laushi ban samu komai ba sai ƙudajen ciyawar teku da 'yan tsalle-tsallen nan masu kama da jatan lande. Inda abin yake shi ne gindin wani tsauni, wurin da duwatsu masu girman kan mutum suka taru, tsohuwar ciyawar teku ta cushe tsakaninsu ta yi baƙi. Saman tarin a bushe yake ƙayau, ƙasansa ya zama kunu, tsakiyar ce mai laima da ɗumi, nan ake tonawa. Na ɗaga wani dutse da busasshen kan kifi ya maƙale a ƙarƙashinsa. Ƙwari suka watse ko'ina, sai wasu 'yan jajaye suka tsaya cak na ɗan lokaci, ƙahonninsu na rawa, sannan suka zura da dogayen ƙafafun nan, ba gefe ba, ƙasa, cikin ramukan da ke tsakanin tsakuwa. In ka yi jinkirin ƙiftawar ido sun nutse inda hantsaki ba ya kaiwa. Dabarar da ta yi aiki ita ce in kwashi tsakuwar da ciyawar gaba ɗaya da hannu biyu in zuba a farin faranti, sannan in tsince su a natse. Da dare kuma, da fitilar goshi, su da kansu suke fitowa kan duwatsun.

Tarkunan sun sha kashi. Yanyawa ta tone wasu ta tafi da kifin, hankaki sun ture duwatsun wasu. Yanyawar Hokkaido tana ɗauke da tsutsar Echinococcus mai lalata hanta, don haka duk kofin da ta lasa da safar hannu biyu na ɗauke shi. Dama safar ba ta fita daga hannuna, aikin mushe ne, kuma kayan gaɓa daban na ware su da waɗanda nake salla da su.

Wata tsohuwa da ke gyara filin tsakuwar da suke shanya ciyawar kombu ta daɗe tana kallona. Mutanen nan suna sa ido ƙwarai, saboda ɓarayin kayan teku, shi ya sa na fara kai gaisuwa ofishin ƙungiyar masunta kafin in sauka. Da ta matso sai ta ce, “Ɗan makaranta, me ka yar kake nema tun safe?” Na miƙa mata kwalbar. Ta ɗaga ta sama, ta juya, ta ce shekarunta duka a gaɓar nan ba ta taɓa lura da shi ba, ta tambaya ko yana cin kombu. Na ce sai wanda ya riga ya ruɓe. Ta ce to ba ruwanta da shi, ta koma bakin aikinta.

3 ga Yuli

Tacewa. Kafin a kai ga tambayar wane Lyrosoma ne, sai an fitar da waɗanda ba shi ba ne, kuma gaɓar teku cike take da masu kama da shi.

Masu saurin ruɗar mutum su ne Carabidae, ƙwarin ƙasa mafarauta. Tsayin ƙafa ɗaya, ƙugu ɗaya, gudu ɗaya. Daga sama ba ka rantsuwa. Sai ka kifar da shi rigingine: a Carabidae gindin ƙafar baya a manne yake da ƙirji, ya ratsa gaɓar farko ta ciki ya raba ta, kuma akwai wani ƙullutu babba a gefen cinya. A ƙafar gaba yawancinsu suna da 'yar tsaga mai gashi da suke share ƙaho da ita. Lyrosoma ba shi da ko ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Staphylinidae ba su da wuya, murfin bayansu gajere ne, ciki a waje yana lanƙwasa. Su ne suka fi yawa a kwalaben, akwai Cafius da Aleochara, na ware su gefe ga mai sha'awarsu. Cercyon kuwa 'yan dunƙule-dunƙule ne masu santsi, ƙahonsu gajere mai kan kulki.

Wanda ya fi ba ni sha'awa Aegialites ne. Shi ma ba ya tashi, shi ma ɗan gaɓar arewacin Fasifik ne, shi ya sa a tsofaffin akwatuna nakan tarar an jera shi cikin nawa. Amma danginsa Salpingidae ne, kuma ba mushe ya dame shi ba, a tsagar dutsen da ruwa ke bugu yake zama. Ana gane shi da ƙirgen gaɓoɓin tafin ƙafa: biyar a gaba, biyar a tsakiya, huɗu a baya. Na Lyrosoma biyar ne duka uku. Ƙirga gaɓoɓin da ba su kai kaurin gashi biyu ba, a ƙafar da ta naɗe ta bushe shekara tamanin, aiki ne na mai haƙuri. Nakan ɗiga ruwan ɗumi da ɗan sabulu a kan ƙafar, in jira ta saki, in miƙe ta da gashin burushi guda.

Na gaɓar Hokkaido da na samo, duk wanda na duba zuwa yanzu pallidum ne: ƙanana, bayansu na ɗaukar ido. Haka ake tsammani. Na ware mazan, ana gane su da faɗin tafin ƙafar gaba, rabi na busar, rabi na zuba a itanol mai ƙarfi na sa a firiza saboda gwajin ƙwayoyin gado.

30 ga Yuli

Yau ba a yi aiki ba. Da safe wajen takwas da rabi girgizar ƙasa mai ƙarfin 8.8 ta auku a gabashin Kamcatka, aka fara da jan kunne, kafin goma aka mayar da shi cikakken gargaɗin tsunami a duk gaɓar Fasifik ta Hokkaido. Jiragen ƙasa sun tsaya, mutane sun hau tudu da rufin gine-gine cikin zafin rana. Ina cikin gari nesa da teku, Alhamdu lillahi, amma wayata ba ta huta ba, 'yan gida sun ga labari sun ɗauka Japan duka ta nutse. A Nemuro ruwan bai kai mita ɗaya ba. A Severo-Kurilsk da ke tsibirin Paramushir ya hau tashar jiragen ruwa ya shiga masana'antar kifi. Akwai ƙwari daga wannan tsibirin a akwati na uku da ke kan teburina.

18 ga Agusta

Na koma gindin tsaunin nan. Ko tsunami ce ko guguwar da aka yi bayanta, tarin ciyawar ya tashi daga inda na san shi, duwatsun sun sake zama. Ƙwarin suna nan, sun ɗan matsa sama ne kawai.

Wannan bai ba ni mamaki ba, saboda labarin Kasatochi. Ƙaramin tsibiri ne mai aman wuta a tsakiyar jerin Aleut, matattarar dubban ɗaruruwan tsuntsayen teku. Derek Sikes na ma'adanar Jami'ar Alaska ya tara ƙwari a can a watan Yunin 2008. Ranar 7 ga Agusta dutsen ya fashe, ma'aikatan kula da namun daji biyu da ke kai da ƙyar jirgin masunta ya kwashe su, toka mai zafi ta binne tsibirin, ciyayi suka ƙare. Da masana suka koma a shekara mai zuwa, cikin 'yan tsirarun da suka tarar da rai akwai Lyrosoma opacum. Masu cin ganye sun tafi da ganyen. Wanda abincinsa daga teku yake zuwa, ko daga gawar tsuntsu, bai rasa kalaci ba. Halittar da ta saba da zama a ramin dutse, ruwan gishiri na dukanta, toka da igiya ba baƙinta ba ne.

Sabon abu a wannan zuwan shi ne farare. Cikin waɗanda na kama akwai masu launin rawaya fayau, in ka taɓa murfin bayansu da hantsaki sai ya lotsa. Sababbin fitowa ne, jikinsu bai gama tauri ba, launin bai nuna ba. Na ajiye wasu da rai a kwano da jiƙaƙƙen yashi da ɗan kifi, a wuri mai sanyi, ina kallonsu suna rinewa a hankali har suka cim ma sauran. Da an kashe su ranar da aka kama, an soke, an aika wa wani a Turai, da ya samu hujjar sabon suna. Na ɗauki hoton kowace rana a ƙarƙashin fitila ɗaya, zan jera su a rahoton.

Akwai kuma tsutsotsi masu ƙafa shida da 'yan ƙahonni biyu a wutsiya a ƙarƙashin kifin. Ban sa musu suna ba. Zama kusa da babba ba shaida ba ce, tsutsar Staphylinidae ma haka take a ido. Suna firiza, gwaji zai faɗa.

9 ga Satumba

Makonnin nan na ba wa akwatunan Kuril, kuma a nan gizo ke saƙa.

Yawanci rabuwar ba ta da wuya. Opacum ya fi girma, bayansa a dushe yake. Pallidum ya fi ƙanƙanta, yana sheƙi. Dushewar ba launi ba ce, saƙa ce. In ka ƙara ƙarfin madubi za ka ga fatar murfin a zane take da 'yan ramuka kamar raga, su ke watsa haske. Amma fitila tsirara ba ta nuna wannan, sai dai ta yi maka walƙiya a ido. Sai na naɗe farar takarda mai shara-shara na kewaye ƙwaron da ita, hasken ya laushi, sannan saƙar ta fito.

Matsalar wani jeri ne daga tsakiyar tsibiran, girmansu tsaka-tsaki, suna sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa. A ido, ga girman wannan ga hasken wancan. Na nuna wa wani abokin aiki, ɗalibin digiri na uku, nan take idonsa ya kawo wuta, ya ce ko dai gauraye ne ko jinsi na uku, in rubuta shi kafin wani ya riga ni. Na ce a bari a wanke su tukuna. Ƙwarin mushe suna da kitse, in sun shekara a allura kitsen yakan tsattsafo ya cike ramukan saƙar, ƙura ta hau, ya daskare. Na cire takardun na jera su bi da bi don kada su cakuɗe, na tsoma ƙwarin cikin asiton suka kwana. Ruwan ya koma rawaya. Da suka bushe, sheƙin ya tafi, raga ta fito sarai. Opacum ne ƙanana, watakila abinci bai ishe su ba suna tsutsa.

Don kada a ce ido ne kawai, na buɗe mazan. Ana jiƙa ƙwaron ya yi laushi, a zaro ƙarshen cikin da ƙugiyar allura, a sa a ruwan potash kashi 10 cikin 100 har naman ya narke, abin da ya rage shi ne al'aurar, 'yar ƙaya mai tauri da ba ta kai milimita biyu ba. A ɗauraye, a sa a gilisarin, a kwatanta da zanen da ke cikin aikin 1998 da kuma wanda masanan Koriya da Sikes suka fitar a 2013, lokacin da aka fara ba da rahoton pallidum a Koriya. Ana dogara da wannan sashe ne domin yunwa da tsufa da gogar tsakuwa ba su cika taɓa siffarsa ba. Na jerin nan bai bambanta da na sauran opacum ba. Kowace na sa ta a 'yar kwalba na soke a allurar mai ita.

Abokin nawa bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi. Sabon jinsi yana fitar da takarda, takarda tana kawo aiki. Wanda ya ce “abin nan da kuka sani shi ne dai” ba a yi masa tafi. Malamina ya leƙa madubin ya daɗe, ya ɗago ya ce, “Rubuta yadda ka wanke su, da abin da ka wanke su da shi.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

6 ga Oktoba

An gama da busassun. Kowanne ya samu sabuwar takarda a ƙarƙashin tsohuwar, an shigar da wuri da shekara a kwamfuta, waɗanda wurinsu bai wuce “Chishima” ba, wato Kuril gaba ɗaya, na ware su a layin ƙarshe ba tare da na ɗora su a taswira ba. Jinsi biyu na samu, babu na uku.

Sai dai tambayar da ta sa magabata raɗa sunaye tana nan, ta juya ne kawai. Rashin fiffike a tsibiri ba abin mamaki ba ne. Tun a ƙarni na 19 masanin Ingila Wollaston ya ƙirga ƙwarin tsibirin Madeira ya ga kusan 200 cikin 550 ba sa tashi, Darwin ya ce iska ce ke kwashe masu tashi ta zuba a teku, kuma wani bincike na 2020 a tsibiran tekun kudu ya nuna iskar ce dai babban dalili, ko da yake ta wata fuskar: inda tashi ke da wuya, ƙarfin da za a kashe a fiffike gara a kashe shi a ƙwai. Abin mamakin shi ne ƙwaron da ba ya tashi ya zama iri ɗaya a tsibiran da ke warwatse a dubban kilomita. Jerin Kuril kaɗai ya kai kilomita 1,200, a tsakiyarsa akwai mashigin Bussol mai zurfi wanda bai taɓa ƙafewa ba ko a zamanin ƙanƙara, kuma halittu da yawa a nan iyakarsu take. Tsakanin tsibiran Kwamanda da Attu, farkon Aleut, akwai fiye da kilomita 300 na buɗaɗɗiyar teku.

Ga kuma Aegialites, maƙwabcinsa a gaɓa ɗaya. Da Lothar Zerche ya sake nazarinsa a 2004, jinsi ya ƙaru masa da yawa, akasin abin da ya faru da Lyrosoma. Biyu marasa fiffike, teku ɗaya, ɗaya ya rarrabu ɗaya ya ƙi. Zatona, kuma zato ne, bambancin yana wurin kwana. Mai zama a tsagar dutse yana nan inda dutsen yake. Mai zama cikin tarin ciyawa da itacen da ruwa ya kawo, duk guguwar da ta kwashe tarin ta kwashe shi, wata gaɓar ta karɓa. In haka ne, ƙwayoyin gadon na tsibirai daban-daban za su fito a cakuɗe. In kuwa kowane tsibiri ya fito da nasa zanen daban, to jiki ne ya yi kama, kuma wasu sunayen Lewis na iya dawowa daga kabari. Ba zan ji haushi ba in hakan ta faru, in dai hujja ce ta dawo da su.

Abin da ke gaba: a ciri ƙafa ɗaya ta tsakiya daga kowane na firiza, da tsutsotsin watan Agusta, a karanta guntun ƙwayar gadon da ake kira COI mai harafi 658, wanda ake tantance jinsi da shi. Busassun Kuril na shekarun 1990 za a gwada su ma, ko da guntaye za su bayar. Na kafin yaƙi ba zan taɓa su ba sai ma'adanar ta amince a rubuce, kuma wasiƙar neman iznin ta tafi tun ranar Juma'a. Na kuma rubuta wa Alaska ina neman aron opacum na Aleut da aka adana a itanol, domin ba tare da su ba rabin taswirar babu kowa a kai.